Baƙon Magini a Tsohuwar Abuja: Tarihin Michael Cardew (1901-1983)

Duk wanda ya taɓa jefa takardar naira ashirin cikin kwandon baiko, ko ya karɓe ta canji a kasuwar Suleja, ya riƙe wani yanki na tarihin garin a hannunsa, ko da bai lura ba. A gaban takardar akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta yanke shawara a watan Fabrairu na 1976 cewa za a gina sabon babban birnin ƙasa a tsakiyar Nijeriya. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin da yake da sunan kuwa ya koma Suleja. A bayan takardar, tun daga 2007, akwai hoton wata mace tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda ta yi kusan shekara talatin tana aiki a wannan gari, zuwanta kuwa ya kasance ta dalilin wani baƙo daga Ingila mai suna Michael Cardew.

Cardew ba mai bishara ba ne, ba kuma wata ƙungiyar mishan ce ta aiko shi ba. Ma'aikacin gwamnatin Turawa ne mai cin albashi. Duk da haka labarinsa ya cancanci shiga waɗannan shafuffuka, gama abin da ya same shi yana samun kowane mutum da ya bar gida domin ya yi wa waɗansu hidima a ƙauyensu, ko mai bishara ne da Ikilisiya ta aika wurin masu wani harshe, ko malamar asibiti, ko ɗan hidimar ƙasa da aka jefa makarantar da bai taɓa jin sunan garinta ba. Kowannensu yakan iso da abin da ya tabbata mutane suna bukata. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, mutanen suna da nasu tun kafin a haife shi. Cardew ya koyi wannan da tsada, bayan ya faɗi har sau biyu, shekarunsa kuma sun kusa hamsin.

Asalinsa da koyon sana'a

An haifi Michael Ambrose Cardew ran 26 ga Mayu, 1901, a Wimbledon, wata unguwa ta birnin Landan. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne. Kakansa na wajen uwa, George Kitchin, babban malami ne a Ikilisiyar Ingila, wanda ya shugabanci babbar majami'ar Winchester, daga baya kuma ta Durham. Gida ne na masu karatu, inda ake sa ran yaro zai zama alƙali ko malamin jami'a. Aka tura shi Jami'ar Oxford domin ya karanta harsunan Girka da Latin da falsafa.

Amma zuciyar yaron ta riga ta tafi wani wuri. Iyalinsa suna da gidan hutu a yankin Devon, inda suke cin abinci da kwanukan yumɓu da wani tsohon maginin ƙauyen Fremington, Edwin Beer Fishley, yake yi wa manoma. Ya ƙallafa rai a kan waɗannan kwanuka har karatu ya sha wuya. Hutun da ya kamata ya yi bita, sai ya tafi wurin jikan tsohon yana koyon juya yumɓu a kan keken magina. Ya fita jami'a a 1923 da sakamako mai rauni, ya wuce garin St Ives wurin Bernard Leach, wanda ya koyo sana'ar a Japan. Shekara uku ya yi yana almajiranci.

A 1926 ya karɓi wata tsohuwar magina da aka daɗe da rufewa kusa da garin Winchcombe, ya nemo wani dattijo, Elijah Comfort, wanda ya yi aiki a wurin tun kafin a rufe, suka tashe ta tare. Burinsa shi ne ya yi kwanuka da tuluna na amfanin yau da kullum, masu araha yadda in ɗaya ya fashe uwargida ba za ta yi kuka ba. Ya yi suna, amma bai yi kuɗi ba. Ya auri Mariel Russell a 1933, suka haifi 'ya'ya maza uku. A 1939 ya koma Wenford Bridge a yankin Cornwall domin ya kafa sabuwar magina, sai ga Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da kome.

Faɗuwa biyu a Gwalkwas

Yaƙin ne ya kawo shi Afirka. Jiragen ruwa sun daina kawo kaya daga Turai yadda aka saba, don haka Kwalejin Achimota da ke Gwalkwas, wato ƙasar Gana ta yau, ta kafa masana'anta a Alajo kusa da Accra domin yin tayil na rufin ɗaki da kwanuka da randunan sanyaya ruwa. A 1942 aka ɗora Cardew a kanta. Mutumin da ya saba aiki da mutum uku ko huɗu waɗanda suke jin harshensa, sai ga shi a kan taron ma'aikata da almajirai da bai san gaisuwarsu ba, bai san abin da yake ɓata musu rai ba, bai ma san halin ƙasar da yake so ya gina tukwane da ita ba. Daɗin daɗawa shi mutum ne mai saurin fushi, abokan aikinsa na Ingila ma sun san shi da haka. Saɓani ya shiga tsakaninsa da almajiran, kayan da ake fitarwa ba su biya kuɗin da ake zubawa ba, aka rufe masana'antar a 1945.

Wani da ya tattara ya koma wurin matarsa da yaransa ƙanana. Shi kuwa ya ɗauki ɗan abin da ya tara ya tafi Vume, wani ƙauyen Ewe a bakin kogin Volta, ya kafa magina da kuɗin aljihunsa, ba albashi, ba mai aike. A nan ne kawai za a ce ya yi aikin sa kai tsantsa, a nan ne kuma ya fi shan wuya. Yumɓun wurin bai karɓi irin wutar da yake so ya ba shi ba, tukwane suka yi ta tsagewa a tanderu. Kaɗan ne suka fito lafiya, ko da yake masana suna lasafta waɗannan kaɗan cikin mafi kyawun aikinsa. A 1948 ya koma Ingila da ciwo a jiki, aljihu kuma wayam.

Abu biyu ya ɗauko daga Vume. Na farko, wahala ta tilasta masa ya zauna ya karanci ilimin duwatsu da na haɗa sinadarai, abin da ya raina a dā. Na biyu kuwa ya fi girma. Vume gari ne na mata magina, kuma shekara uku yana kallonsu suna tayar da manyan randuna da hannu kawai, ba keke, ba tanderu, nasu suna fitowa lafiya, nasa suna fashewa. Gani ya kori ji.

Rangadin 1950

A 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi aiki a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, a matsayin jami'in kula da ginin tukwane. Tunanin zamanin a fili yake: sana'ar gargajiya abin baya ce, sai a kawo keke da tanderu a gyara ta. Kafin ya soma kome, Cardew ya yi dogon rangadi cikin ƙasar, yana shiga kasuwanni da matoya, yana duba abin da magina suke yi. Rahoton da ya rubuta bayan haka ya saɓa wa tunanin da ya kawo shi. Ya nuna cewa tukwanen gargajiya sun riga sun dace da aikin da ake yi da su, ba su bukatar gyaran kowa, a ƙyale matan su ci gaba yadda suka gāda. Abin da za a iya ƙarawa shi ne wani iri dabam wanda babu shi, wato kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli, domin sabuwar rayuwar ma'aikata da 'yan makaranta.

Wannan hukunci yana da dalili, kuma kowace uwargida a ƙauye ta san dalilin ko da ba ta iya faɗinsa da harshen masana ba. Magina sukan gauraya yumɓu da tsakuwa ko garin tsingaro, su toya shi a fili da ciyawa da itace, da wuta mai sauƙi ta ɗan lokaci. Tukunyar da ta fito haka jikinta yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta waɗannan kafofi randa take tsatsafo, iska ta busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi ko da a tsakiyar bazara. Saboda sakin jikin nan kuma tukunyar tuwo take zama a kan murhu, wuta tana dukan gindinta, ba ta tsage ba. A waɗansu wurare akan yayyafa mata ruwan makuba tun tana da zafi domin ta ƙara ƙwari da duhu. Irin kayan da Cardew ya ƙware a kai kuwa sai an kai su zafin da ya haura digiri 1,200, har yumɓun ya haɗe ya zama kamar dutse. Irin wannan ba ya ɗiga, yana da sauƙin wankewa, amma ba ya sanyaya ruwa, in kuma aka ɗora shi kai tsaye a kan wuta yana iya rabewa biyu. Da an bi ƙauyuka an maye wancan da wannan, da an raba mata da sana'arsu, an kuma raba gidaje da ruwan sanyi, duka da sunan ci gaba.

Ba kowane baƙo na wancan zamani ya sami irin wannan ido ba, kuma Ikilisiya ba za ta wanke hannunta sarai daga wannan laifi ba. An yi lokacin da waɗansu suke ganin ganga da sauran kayan kiɗan gargajiya ba su da wuri a cikin sujada. Yau ga zumuntar mata suna buga tulu da caki a gaban bagade, jama'a kuwa ba ta jin waƙa ta shiga jiki sai tulun nan ya amsa. Tulun da suke bugawa aikin irin matan nan ne da Cardew ya ce a ƙyale.

Zama a Abuja

Da aka zo zaɓen wurin da za a kafa cibiyar koyarwa, ya zaɓi Abuja, a Lardin Neja. A idon masu lissafi zaɓen bai yi kyau ba, gama garin ƙarami ne, ba ya kan hanyar jirgin ƙasa, sai an je Minna. Amma akwai yumɓu, akwai itace, akwai ruwan kogin Iku, kuma ƙauyukan Gwarawa, wato Gbagyi da Gbari, waɗanda matansu suka shahara da gini, sun kewaye shi. Fiye da duka, akwai Sarki.

Abuja gari ne mai sanin kansa. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ne ya baro Zariya a zamanin jihadi ya sauka a wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin a 1828, aka ci gaba da riƙe sarautar Zazzau ta Haɓe a ƙarƙashin inuwar dutsen Zuma. Mutanen da suka tsare al'adunsu fiye da shekara ɗari ba su ne za a koya wa darajar abin gādo ba. A 1952, shekarar da aka buɗe cibiyar, aka buga tarihin garin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, a fassarar Turanci. Sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma taɓa aikin malanta. Yana tara tukwanen Gwarawa a gidansa saboda kyansu, a zamanin da yawancin masu ilimin boko suke ganin kwanon kanti ya fi. A gidansa ne Cardew ya fara ganin aikin Ladi Kwali a lokacin rangadinsa. Baƙo ya zo da labarin cewa tukwanen ƙasar nan abin daraja ne, ya tarar mai gari ya riga shi sani.

Cardew ya tare a Abuja a 1951, aka buɗe cibiyar a watan Afrilu na 1952. Wannan karon bai maimaita kuskuren Alajo ba. Ya koyi Hausa, ita ce ta zama harshen aiki, gama ɗaliban da hukumomin En'e suka turo daga sassa dabam dabam ba su da wani harshe da ya haɗa su sai ita. Gine-ginen cibiyar na ƙasa ne da jinka, irin na gari. Ya saba da sa riga irin ta mutanen ƙasa, har bayan ya koma Ingila bai rabu da ita ba. Ya kuma shigo ta ƙofar fada, ƙarƙashin inuwar Sarki. Wanda ya san garuruwan Arewa ya san abin da wannan yake nufi. Akwai gaisuwar da ba a tsallakewa kome gaggawa, akwai Juma'a da azumi da ranar kasuwa, akwai damina da take kiran kowa gona, akwai kuma maganar da ba a faɗa wa babba a gaban yara. Mutumin da ya taso da agogo a hannu, mai kuma zafin rai, ba ƙaramin horo ya sha ba kafin ya iya tafiya da wannan taki.

Wani ƙaramin abu yana nuna inda ya sa gaba. Hatimin da ake bugawa a gindin kowane kwano da ya fita daga cibiyar sunan Abuja ne da rubutun ajami, a gefensa kuma kowane magini yana buga alamar sunansa. Ba a ɓoye hannun mai aiki a bayan sunan Bature ba. Ta haka aka san Tanko Ashada, da Bawa Ushafa, da Hassan Lapai, da Kofi Athey wanda ya biyo shi tun daga Gwalkwas.

Aikin kansa ya ci shekaru kafin ya daidaita. Ya ƙudurta cewa da kayan ƙasar za a yi kome, don haka sai gwaji bayan gwaji: yumɓun yankin, farar ƙasa daga wuraren haƙar kuza na Jos, duwatsun da ake niƙawa, tokar itace domin haɗa ruwan ƙyalli. Toyi ɗaya yakan ci yini da kwana ana cusa itace ba hutawa, sa'an nan a jira tanderu ya huce kafin a san ko an ci riba ko an yi hasara. Annabi Irmiya, wanda aka aika gidan maginin tukwane ya ga yadda abin da ya lalace a hannu ake sāke shi, da ya ga abin da ya sani a bakin kogin Iku.

Kada a ɗauka ya zama waliyyi. Zafin ransa ya ragu ne, bai mutu ba. Yana kuma da irin ƙaunar nan ta waɗansu baƙi, wadda take so ƙauye ya tsaya yadda suka same shi domin ya yi musu kyan gani, alhali mutanen ƙauyen suna son hanya da makaranta da rufin kwano. Masu nazarin tarihinsa sun lura da wannan, kuma suna da gaskiya.

Ladi Kwali da randar da ba ta sanyaya ruwa

An tsara cibiyar domin maza. A ƙasar Hausa ana samun maza magina, amma a ƙasar Gwari gini sana'ar mata ce, wadda yarinya take koya a wurin uwa ko inna. Wato an buɗe makarantar tukwane a tsakiyar gwanaye, aka kuwa cika ta da waɗanda yawancinsu ba su taɓa yumɓu ba. A ƙarshen 1954 wannan ya sāke, sa'ad da Ladi Kwali ta zama mace ta farko da ta shiga. An haife ta wajen 1925 a Kwali, wadda yanzu take cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Bayanta waɗansu mata suka biyo, irin su Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa.

Ladi ta koyi keke, ta kuwa iya shi sosai. Amma abin da ya tsayar da kowa shi ne ginin da ta zo da shi daga gida. Takan ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan gefensa sama tana kewaya shi, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, har randa ta tashi daidai wa daida kamar an auna. A wurin Bature keke yake juya tukunya, mai gini yana zaune. A wurinta tukunya take zaune, mai gini tana juyawa. Sa'an nan ta zana mata ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, kowanne cikin gidansa. Cardew bai ɓoye ba cewa ta fi shi a wannan fage. Siffofin nasa tukwanen ma suka soma sākewa, har wata tukunyar miya mai murfi da ya shahara da ita, daga tukunyar Gwarawa ya ɗauko ta, da sunansu kuma ake kiranta.

A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da ba wanda ya shirya. Aka ba Ladi yumɓun cibiyar ta gina randunanta da shi, aka shafa musu ruwan ƙyalli, aka toya su a tanderu. Suka fito da kyan da ba a taɓa gani ba, zanen yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙyalli mai duhu. Sai dai sun yi nauyin da mace ba za ta saɓa su a kafaɗa zuwa rafi ba, yadda matan Gwarawa suke ɗaukar kaya, kafofinsu kuma sun toshe, ba sa sanyaya ruwa. Kuɗinsu ya fi ƙarfin mutumin ƙauye nesa ba kusa ba. Mutumin da ya rubuta wa gwamnati cewa kada a taɓa randar gargajiya, a ƙarƙashin rufinsa ne randa ta bar gindin bishiya ta koma ɗakin baƙi. Ko wannan riba ce ko hasara, masana ba su gama gardama ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, baƙo kome taka-tsantsan ɗinsa, abin da ya taɓa ba ya zama yadda yake.

Waɗannan randuna ne suka fitar da sunan Abuja duniya. Aka nuna kayan cibiyar a wani gidan baje koli na Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu saye suka yi ta rububin aikin Ladi. A 1962 ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey. Sai al'amari ya juye: ita ce baƙuwa a ƙasar sanyi, cikin mutanen da ba ta jin harshensu, shi kuwa yana gefe yana yi wa masu kallo bayanin abin da hannunta yake yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Abin da bai yiwu ba

Ainihin manufar da aka kafa cibiyar dominta ba ta cika ba. An so ɗalibai su gama su koma garuruwansu su buɗe ƙananan maginu. Amma irin wannan aiki yana bukatar tanderu da injin niƙa da kayan haɗi daga nesa da jari mai kauri. Rassan da aka buɗe a Kano da Sakkwato ba su daɗe ba. Kasuwa kuma ta riga ta zaɓi nata: kwalla da langa da fanteka masu fenti, waɗanda ba sa fashewa, ga araha, ga su kuma abin jere a ɗakin amarya. Masu sayen kayan Abuja sai suka zama Turawa da manyan ma'aikata da baƙi masu wucewa. Cardew, wanda burinsa tun yana saurayi shi ne kwanon talaka, ya ƙare yana yi wa masu hali kayan ado.

Akwai kuma wata hasara da ba ta shiga rahoton gwamnati ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga 1942 zuwa 1965, in ban da 'yan shekarun da ya yi a gida bayan Vume, hutu kawai yake kai shi Ingila. Mariel ce ta riƙe yaran uku, suka girma suna ganin mahaifinsu kamar baƙo mai zuwa da tsaraba. Ƙaunar da ya zuba wa Abuja, daga wani wuri aka ɗebo ta. Ikilisiyoyin da suke aika ma'aikata masu iyali zuwa nesa sun san nauyin wannan magana, matan masu bishara kuwa sun fi kowa saninta. Babban ɗansa, Seth, ya gāji sana'ar daga baya. Na biyun, Cornelius, wanda ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan babbar majami'ar Canterbury yana yaro, ya zama sanannen mai tsara kiɗa, mota ta buge shi a Landan ya rasu a watan Disamba na 1981, tun mahaifinsa yana da rai.

Ƙarshen kwanakinsa

Da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, Turawa da yawa suka tafi, Cardew ya zauna ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa. Ya yi ritaya a 1965 yana da shekara 64, ya miƙa cibiyar ga Michael O'Brien, ya koma Wenford Bridge. A 1968 ya je Ostareliya ya taimaka wajen koya wa 'yan asalin ƙasar gini. A 1969 ya fitar da littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya tattara abin da ya koya a Vume da Abuja domin maginin da yake zaune inda ba kantin sayen kayan haɗi, sai abin da ƙasa ta ba shi. A farkon shekarun 1970 ya sāke ziyartar Abuja tare da masu ɗaukar fim na tarihin rayuwarsa. Matasa daga ƙasashe dabam dabam suka ci gaba da zuwa garin koyon gini, cikinsu har da Magdalene Odundo ta Kenya, wadda ta zo a 1974, ta kuma zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya.

Sarki Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo Suleja, ya rasu a 1979. Cardew ya rasu ran 11 ga Fabrairu, 1983, a Truro ta yankin Cornwall. Ladi Kwali ta bi bayansa ran 12 ga Agusta, 1984, a Minna, cibiyar kuma ta koma amsa sunanta. Randunanta suna nan a gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da waɗansu irinsa a Amurka, cikin akwatin gilashi, da haruffa biyu na sunanta a gindi, kusa da hatimin ajami mai ɗauke da tsohon sunan garin.